Ku Tambayi Malam: "Mutum sittin suka ɗaga hannu, tara suka fito"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Kurna. Duk damina sai ruwa ya shiga gidaje saboda lambatunmu ya cika da leda da yashi. Bana muka ce za mu riga ruwan. Bayan sallar isha'i liman ya ba ni dama na yi sanarwa, na ce wa zai fito aikin gayya. Da idona na ƙirga mutum sittin da 'yan kai sun ɗaga hannu, wasu har da cewa ai wannan dole ne. Ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli mu tara muka fito, huɗu a ciki yara ne. Malam, wannan ba shi ne munafuncin da hadisi ya faɗa ba, idan ya yi alkawari ya saɓa? Ni dai na yanke shawarar ajiye muƙamin.

Daga wani sakatare, Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri, kai da mutum takwas ɗin da kuka shiga lambatu a ranar. Na san warin, na san yadda ruwan kwata ke cin ƙafa, don haka ba zan ce ɓacin ranka ba shi da dalili ba. Roƙona kawai ka mayar da takardar murabus ɗin aljihu har ka gama karanta amsata.

Kalmar munafunci tana da nauyi. Hadisin da ka kawo ingantacce ne, sai dai malamai da dama da suka yi sharhinsa sun ce abin zargin shi ne mutum ya ɗauki alkawari alhali tun lokacin ya ƙudurta ba zai cika ba. Limaminku zai fi ni iya ƙara maka bayani. Abin da zan iya faɗa daga fannin da na karanta nake kuma koyarwa, wato ilimin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a, shi ne yawancin waɗanda suka ɗaga hannu a daren nan da gaske suke. Suna zaune a sahu, tunanin ruwan bara yana ransu, sun tuna katifar da aka shanya kwana uku ba ta bushe ba, sun so su fito. Wasu kuma, kada mu ɓoye wa juna, kara ce ta ɗaga musu hannu. Da wuya Bakano ya zauna a gaban liman da dattawa, na dama da na hagu sun ɗaga hannu, shi ya naɗe nasa. Abin da ka ƙirga ke nan, niyya ce gauraye da kunya.

Masana sun daɗe da cin karo da tazarar da ke tsakanin baki da aiki. A farkon shekarun 1930 wani malamin jami'ar Stanford a Amurka, Richard LaPiere, ya zaga ƙasar a mota tare da wasu ma'aurata 'yan ƙasar Sin, a lokacin da ƙyamar mutanen Sin ta yi ƙamari a can. Sun shiga masauki da gidan abinci guda 251, wuri ɗaya tak aka kore su. Bayan wata shida ya aika wa wuraren wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi baƙi 'yan Sin. Guda 128 suka amsa, kuma sama da kashi 90 cikin 100 suka ce ba za su karɓa ba. Ya wallafa sakamakon a 1934. Binciken yana da rauni, domin wanda ya amsa wasiƙar ba lallai shi ne ya tarbe su a ƙofa ba, ga kuma Bature tare da su. Duk da haka ina son in kawo shi a aji, saboda ya nuna tazarar ba ta gefe ɗaya ba ce. Waɗannan mugun abu suka faɗa, suka aikata mai kyau. Naku mutanen kyakkyawa suka faɗa, aikin ya gagara. A duka biyun, abin da mutum ya tarar a gabansa a ranar ya rinjayi abin da bakinsa ya furta.

A 1969 Allan Wicker ya tattara bincike sama da arba'in, ya ce dangantakar ra'ayin da mutum ya furta da abin da yake aikatawa ba ta da wani ƙarfi, har wasu suka fara cewa a daina auna ra'ayi gaba ɗaya. Daga baya an gano ba haka abin ya lalace ba, niyya ta fi ra'ayi kusa da aiki. Amma ita ma tana zubewa a hanya. Paschal Sheeran, wanda a lokacin yake jami'ar Sheffield a Ingila, a nazarin da ya fitar a 2002, ya duba binciken da aka yi kan harkokin lafiya, irin su motsa jiki da zuwa gwaji, ya tarar kusan rabin waɗanda suka yi niyya ba su aikata ba. Lafiyar jikinsu ce fa, ba lambatun unguwa ba.

Malamanmu na addini sun riga su rarrabe wannan. Sun kasa abin da ke faruwa a zuciya kafin aiki zuwa matakai: abin da ya ɗarsu ya wuce, wanda ya ɗan zauna, zancen zuci da mutum ke kai-kawo a kansa, sannan himma, sannan azama, wato ƙudurin da aka ƙulle. Abin da ka samu a masallaci himma ce. Aikinka na sakatare shi ne ka mayar da ita azama, kuma nan ne nake ganin ka yi saurin sallamar mutane.

Ka dubi wani abu da ke faruwa a unguwarku kusan kowane mako. Idan aka yi rasuwa da hantsi, aka ce jana'iza bayan sallar la'asar a ƙofar gidan mamacin, mutum nawa ke zuwa? Su waɗannan da ka kira munafukai, su ne za ka ga sun rufe shago, sun cika layi, sun bi gawa har maƙabarta, wani ya karɓi shebur, wani ya kwaɓa ƙasa, ba wanda ya ce su ɗaga hannu. Lada na daga ciki, babu shakka, amma yashe lambatun da ke rusa gidan maƙwabci shi ma lada ne. Bambancin shi ne jana'iza tana zuwa da lokacinta, da wurinta, kowa ya san abin da zai yi idan ya isa, kowa kuma ya san za a lura idan bai zo ba. Sanarwarka fa? "Wa zai fito aikin gayya." Ƙarfe nawa, a taru a ina, wa zai zo da baro, wa ke da manjagara, ina za a kai ƙasar da aka kwaso? Mutum ya farka ranar Asabar, ya leƙa waje bai ga kowa ba, ba shi da shebur, ya ce bari su fara in same su. Mutum hamsin kowa ya faɗi haka a zaurensa.

An gwada wannan a jami'ar Yale a 1965. Howard Leventhal da abokan aikinsa suka ba ɗalibai takardar bayani kan cutar sarƙewar haƙora, wadda ake ɗauka ta rauni irin na taka tsohuwar ƙusa, suka ja hankalinsu su je a yi musu allurar riga-kafi kyauta a asibitin makaranta. Wasu an tsorata su sosai da hotuna, kuma da yawa sun ce za su je. Waɗanda suka je kusan kashi 3 ne cikin 100. Wani rukunin kuma aka haɗa musu da taswirar makarantar an zagaye asibitin, da lokutan da ake allurar, aka ce kowa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokaci da hanyar da zai bi. A cikinsu kashi 28 suka je. Abin lura, ɗaliban ajin ƙarshe ne, sun san inda asibitin yake tun tuni. Taswirar ba ta koya musu wani sabon abu ba, ta dai sa abin ya samu gurbi a cikin yininsu.

Wani Bajamushe, Peter Gollwitzer, shi ya bi wannan zaren ya yi suna da shi. A wani gwaji da aka wallafa a 1997, an nemi ɗalibai su rubuto rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana biyu da wucewarsa, lokacin da kowa ke gida cikin hidima. Rabi an sa su faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su zauna su rubuta. Fiye da biyu cikin uku na waɗannan sun rubuta a kan lokaci, sauran kuwa kamar ɗaya cikin uku. Dabarar ita ce a ɗaura aikin a jikin wani abu da tabbas zai faru: idan kaza ta auku, zan yi kaza. Mu da muke salla sau biyar ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ba a bar mana salla a kan mu yi idan mun samu sarari ba, an ɗaure ta da lokaci, aka sa ladan ya kira.

Ina yaro a cikin gari, idan za a yi gayya, sarkin samarin unguwarmu ba ya tsayawa a sanarwa. Daren ranar yake bi gida-gida, ya yi sallama, ya ce wane, kai ne da diga, gobe ana idar da asuba ka same mu a bakin rijiya. Bai taɓa jin sunan Gollwitzer ba, amma abin da yake yi ke nan.

To ga abin da nake so ka gwada kafin ruwa ya sauka sosai. Ka bar ƙirga hannu, ka ɗauki littafi. Ka raba lambatun layi-layi, kowane yanki ka ba mutum biyar ko shida da gidajensu ke kallonsa, domin mutum ya fi jin nauyin maƙwabta biyar da suka san sunansa a kan taron sittin. Ka tambayi kowa da bakinsa: me za ka zo da shi, kuma ina za ka tsaya? Ka ɗaura farawa da idar da sallar asuba, a wuce wurin aiki daga masallaci, domin wanda ya koma ɗaki ya kwanta fitowarsa sai an sha wuya. Kayan aiki su kwana a zauren mai unguwa. Daren Juma'a a sake bi a tuna wa mutane. Wanda shekaru ko ciwo suka hana shi shiga kwata, ka ba shi abin da zai iya, ya kawo ruwan sha ko ƙosai, ko ya biya kuɗin motar kwashe ƙasa. Kada ka bar ƙasar a bakin lambatu, ruwan farko zai mayar da ita, kuma mutanen da suka ga wahalarsu ta tafi a banza ba za su sake fitowa ba.

Ba na ce maka sittin za su fito ba. Ko a Yale ɗin ma bakwai cikin goma ba su je ba. Amma idan tara suka zama ashirin da biyar, lambatun zai yasu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. 'Yata tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, saura mata shekara guda da 'yan watanni. Wani yaro ya fito neman aurenta, ɗan mutunci ne, yana da rumfa a Kantin Kwari. Ya ce shi mai son ilimin mata ne, ba zai hana ta ƙarasawa ba. Mahaifinta ya rasu, ƙanensa ne waliyyi, shi kuma ya ce tunda yaro ya faɗa shi ke nan. Ni hankalina bai kwanta ba, don na ga irin haka da yawa. Akwai yadda ake gane wanda zai cika?

Daga wata uwa, Gwammaja.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinta, ya ba ki ladan riƙon marainiya. Hankalinki da bai kwanta ba yana da hujja, kuma wannan tambaya ta taɓa ni, don ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya haka aka yi da ita. Mijinta mutumin kirki ne har gobe, kuma na rantse da ya ce za ta ci gaba da karatu ba yaudara ya yi ba. Aka ɗaura aure, ciki ya zo, mahaifiyarsa ta kwanta ciwo aka dawo da ita gidan, kasuwa ta ja baya. Kowace shekara sai a ce baɗi. Sai da babbar 'yarta ta shiga sakandare sannan ta koma aji. Mu 'yan'uwanta da muka zauna da shi a lokacin tambaya ɗaya muka yi masa, ya ba mu amsa mai daɗi, muka tashi. Har yau ina jin laifin namu ne fiye da nasa.

Gaibu sai Allah, amma akwai abin da bincike ya koya mana game da yadda ake tambaya. Martin Fishbein da Icek Ajzen, malaman jami'a a Amurka, su suka ceto wannan fanni bayan sukar Wicker da na ambata a sama. A shekarun 1970 suka nuna cewa kuskuren masu bincike shi ne suna tambayar ra'ayi mai faɗi, sannan su sa ran ya nuna musu wani takamaiman aiki. Suka ce dole tambaya ta dace da aikin ta fuska huɗu: wane aiki, a kan wa, a wane hali, a wane lokaci. An tabbatar da haka a wani bincike na 1979 da Andrew Davidson da James Jaccard suka yi da matan aure a Amurka. Da aka tambaye su ra'ayinsu kan tsarin iyali gaba ɗaya, amsar kusan ba ta nuna komai ba game da abin da suka yi daga baya, 0.08 a ma'aunin da ƙarshensa 1 ne. Da aka tambaye su ra'ayinsu kan su da kansu su sha ƙwayar cikin shekara biyu masu zuwa, ma'aunin ya hau zuwa 0.57. Mutanen su ne dai, tambayar ce ta canza.

"Ni mai son ilimin mata ne" irin amsar farko ce. Kusan duk saurayin da ya je zance a Kano yau zai faɗi haka, kuma yawancinsu har zuci. Tambayar da za ta amfane ki ita ce: ita wannan yarinyar, a wannan makarantar, idan aka sa ta aikin dare a asibiti lokacin koyon aiki, tana amarya, za ka bar ta ta kwana a can? Wa zai kai ta, wa zai ɗauko ta? Kuɗin zangon da ke tafe wa zai biya, kuma yaushe? Idan ciki ya zo kafin jarrabawar ƙarshe fa? Bayan ta gama, za ta yi aiki a asibitin da ake duba maza da mata? Ki lura da yadda yake amsawa. Wanda ya taɓa zama ya yi tunanin abin zai kawo miki bayani, har ya faɗi inda yake da damuwa. Wanda bai taɓa ba zai ce ai duk ba matsala. Ni na fi natsuwa da wanda ya ce aikin daren nan gaskiya yana damuna, bari mu ga yadda za a yi.

Daga baya Ajzen ya faɗaɗa bayanin, a rubutunsa na 1985 da na 1991. Ya ce niyya tana tsayawa ne a kan duwatsu uku, kamar tukunya a murhu: yadda mutum ke kallon aikin, abin da yake jin mutanen da yake ganin girmansu suna so ya yi, da kuma yadda yake ganin abin yana hannunsa. Ke dutse ɗaya aka nuna miki. Na biyun shi ne mahaifiyarsa, da yayyensa mata, da abokan rumfa da zai zauna da su kullum suna tambayarsa ina amarya ya ce tana asibiti. A binciken Turai da Amurka wannan dutsen yakan fito mafi rauni a cikin ukun, amma a tuna su wa aka bincika. Wani nazari na 2008 ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. A garin da magidanci mai 'ya'ya biyar ba ya ƙetare maganar mahaifiyarsa, a ganina wannan dutsen shi ne babba. Don haka ki sa zanenki ki je ki gaida mahaifiyar yaron, ku yi maganar mata, ki ji daga bakinta.

Sai abin da ya wuce. Judith Ouellette da Wendy Wood sun tattara bincike da yawa a 1998 suka nuna cewa a abubuwan da mutum ya saba yi a kai a kai, abin da ya yi jiya yakan fi niyyarsa ta yau nuna abin da zai yi gobe. Aure ba abin da ake yi kullum ba ne, amma cika alkawari abu ne na kullum. Yana da ƙanne mata? Ina karatunsu ya tsaya, kuma me ya yi a kai? Matan yayyensa suna fita aiki? A kasuwa idan ya ce gobe zai biya, yana biya? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma binciken da iyaye ke yi kafin ba da aure wannan ne amfaninsa, ba asalin gida kaɗai ba.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Duk yadda tazara ta yi tsawo tsakanin niyya da aiki, haka abubuwa ke samun ƙofar shiga tsakani. Shekara guda da 'yan watanni ba ta da yawa. Idan zai yiwu a sa rana bayan jarrabawarta, ko a ɗaura a jinkirta tarewa, an rage wa alkawarin nauyi. Idan ba zai yiwu ba, a maimaita maganar a gaban waliyyai na ɓangare biyu, dalla-dalla, a kuma nemi malami ya faɗi yadda shari'a ta tsara irin wannan sharaɗi. Ki roƙi baffanta cikin girmamawa ya sake zama da yaron. Ki ce masa ba ƙin yaron kike ba, so kike a taimaka masa ya cika abin da ya faɗa.

Kada kuma in bar ki da zaton akwai ma'aunin da ba ya kuskure. Da Christopher Armitage da Mark Conner suka haɗa bincike 185 a 2001, sun tarar wannan bayani na Ajzen yana iya fassara kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na bambancin da ke tsakanin ayyukan mutane. Ragowar yana wajen abin da aka auna. Ki yi binciken, ki yi istihara, ki kuma tambayi ita yarinyar, domin ita ma tana da tata niyyar, kuma ita za ta tashi da asuba ta tafi makaranta ranar da jiki ba daɗi.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne a Fagge, ina ɗinki a shagon maigidana. Shekara uku ke nan ina niyyar sayen kekena. Lokacin Sallah kuɗi na shigowa sosai, sai in ce bari hidima ta wuce in saya, kafin wata ɗaya babu ko sisi. Ba na shaye-shaye, ba na caca. Me ke damuna?

Daga wani tela, Fagge.

AMSA: Ɗana, ba abin da ke damunka da ba ya damun manomi da kaka. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun yi shekaru suna aiki da ƙananan manoman masara. Manoman sun ga amfanin taki a gonakinsu, kusan dukkansu suka ce za su sa a damina mai zuwa, amma waɗanda suka sa ba su kai rabi ba. Da kaka akwai kuɗi, lokacin shuka babu, ba don an yi almubazzaranci ba, sai don kuɗin da ke hannu kowa yana da rabo a ciki. Sai masu binciken suka riƙa zuwa musu daidai bayan girbi, su sayar musu da takardar shaidar biyan kuɗin taki a farashinsa, a kai musu takin har gida kyauta idan lokaci ya yi. Wannan kaɗai ya ƙara yawan masu sa taki ƙwarai. An wallafa aikin a 2011, kuma Duflo da Kremer na cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Kai lokacin girbinka shi ne goman ƙarshe na azumi da makon Babbar Sallah. Kalmar da ke cinye maka keke ita ce "bari hidima ta wuce", domin hidima ba ta wucewa: ɗinkin ƙanne, barka da Sallah, bikin aboki, wani ya zo da takardar magani ba ka iya cewa babu alhali akwai. Wannan ba aibi ba ne, amma keken ma taimakon 'yan'uwa ne, don shi zai ƙara maka abin bayarwa.

Tun yanzu ka je ka ga keken da kake so, ka san kuɗinsa, ka yi magana da mai sayarwa amintacce a gaban shaida cewa za ka riƙa kawo masa kuɗi yana rubutawa yana ba ka rasit. Idan ba ka yarda da wannan ba, ka shiga adashi ka roƙi kwasarka ta faɗo a makon Sallah. Sannan ka ƙulla wa kanka doka guda: duk wanda ya karɓi ɗinki ya biya, kashi kaza na kuɗin ba zai kwana a aljihuna ba. Ka faɗa wa maigidanka, don kada ya ji a bakin wani, kuma mai yiwuwa shi ya san inda za ka samu mai sauƙi. Makonnin farko za ka ji abin yana maka nauyi. A wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2010, sabon abu ya ɗauki mutane kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu ƙasa da haka sosai, wasu har wata takwas, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe musu sabon ba. Idan ka fasa yau, ka kai gobe.

Ka rubuto mini bayan Babbar Sallah ka faɗa mini nawa ya rage.